Ƙasar da Ka Yi wa Yaƙi Ita Ta Kore Ka, Leandro

Ranar Talata, goma sha ɗaya ga watan Fabrairu na shekarar 1834, Allah ya karɓi ran Don Leandro Berrio a tsibirin Kurasawo, cikin wani ɗakin haya da ke saman shagon busasshen kifi. Labarin bai iso mana Santa Brigida ba sai cikin watan Maris, a bakin wani matuƙin jirgin gishiri. Ina tsugune a bakin ruwa ina liƙe ɓarakar wani kwalekwale ya tsaya a kaina, ya tambaya ko ni ne Nazario masassaƙi. Na ce ni ne. Ya ce, "Tsohon nan mai hannu ɗaya da kake kai wa cuku, an binne shi." Daga nan ya juya ya ci gaba da cinikin gishirinsa.

Haka aka yi shelar mutuwarka a garinku, ɗan'uwana.

Ni ba ma'abocin alƙalami ba ne, gizago na sani. Amma nono ɗaya muka sha da kai, wannan kuwa ya ba ni bakin magana fiye da masu rigunan siliki da ke shirya maka jawabi yanzu. Uwata Dominga baiwa ce a gidan mahaifinka, a gonar koko ta bakin kogi. Da nonon mahaifiyarka ya ƙafe aka miƙa mata kai, ni ina ɗan jariri a bayanta. Kai ke fara sha, ni in samu abin da ka rage. Ladan abin da aka ɗebe mini shi ne aka 'yanta ni ranar baftismata, ita kuma aka bar ta a madafa. Har muka yi furfura kana tsokanata cewa nonon nan ne ya sa ka fi ni tsawo, ni kuma ina ce maka shi ne ya sa na fi ka haƙuri.

Ku Kiriyolo, jinin Sifaniya da aka haifa a wannan ƙasa, kuna da gonaki, kuna da bayi, kuna da karatu. Mulki kaɗai aka hana ku. Ka dawo daga babban birnin Santafe da karatun shari'a cike da kanka, kowa na cewa kujerar alƙalin gari taka ce. Sai aka ba wani yaro da jirgi ya sauke daga Sifaniya, wanda ko fatar hancinsa ba ta gama saɓulewa da zafin ranarmu ba, don kawai can aka yanke cibiyarsa. Ba zan yi maka ƙarya a bayan ranka ba: wannan haushin ne ya fara kai ka ga tawaye, ba tausayinmu ba. Haka sauran 'yan'uwanka suka shiga, kuma yawancinsu a nan suka tsaya. Kai ne ka wuce wurin.

Na tuna ranar da ka zo unguwarmu ta Bakin Ruwa, inda baƙaƙe da wankan tarwaɗa ke zaune, kana neman mazajen da za su tsaya muku a kori gwamnan sarkin Sifaniya. Ka hau kan wani gungume ka yi magana mai daɗi a kan 'yanci, har wasu suka fara gyaɗa kai. Ni kuwa na ajiye gizagona na ce, "Ranka ya daɗe, magana ɗaya. In mutanen ƙetare suka sauka daga bayanmu, wa zai hau? Ku?" Aka yi dariya. Kai ba ka yi ba. Ka dube ni har na fara jin nauyin bakina, sannan ka sauka ka tafi.

Lahadin da ta biyo, da aka tashi daga sujada, ka tsaya a ƙofar coci da magatakarda a gefenka, ka kira bayin da ka gada daga mahaifinka ɗaya bayan ɗaya, kowa da sunansa, ka 'yanta su a gaban gari. Uwata ka fara kira. Ta tsaya tana murza bakin zaninta, ta ce, "To, Leandro, wa zai dafa maka abinci?" Ka ce, "Inna, sai dai in riƙa zuwa gidan Nazario, in bai kore ni ba." A ranar ne yayan matarka, Don Toribio Macia, ya faɗa a bainar jama'a cewa ka haukace, kuma ka cinna wuta a rufin kowa don ka haskaka fuskarka. Washegari Bakin Ruwa kaf ta bi bayanka da gizago da mashin kifi. Ba mu bi jawabinka ba, abin da muka gani a ƙofar coci muka bi.

Muka kori gwamnan, amma shekarun farko na 'yanci ba su daɗe ba. A 1815 rundunar sarki ta dawo ta yi wa garin ƙawanya ta ruwa da ta tudu. Wanda bai ga wannan yunwar ba kada ya ce ya san yunwa. Aka cinye jakuna, aka cinye karnuka, aka koma tafasa fatun kujeru. Kana da wani farin doki da ka fi so fiye da gonarka, wanda ka sa wa suna Gwamna, domin ka ce kana son ko sau ɗaya a ga Kiriyolo a bisa gwamna. Da kanka ka jawo shi dandalin gari, ka rufe masa ido da rigarka, ka miƙa wa mahauci linzamin, ka juya baya. Matan unguwa suka yi romo a manyan tukwanen dafa ruwan rake, kowa ya samu ludayi. Har yau tsofaffin Bakin Ruwa in suna gardama da wani mai muƙami sukan ce masa ya yi a hankali, su fa sun taɓa cin Gwamna. Kai ba ka ɗanɗana ba. Kason da aka kawo maka ka kai wa ɗanka Anselmo, wanda zazzaɓi da yunwa suka riga suka gama da shi, bai iya haɗiyewa ba. Ni na sassaƙa masa akwatin gawa da katakon ƙofar shagona. A lokacin nan kowa ya san rumbun Don Toribio da sauran masara a ciki.

Da garin ya faɗi, sunanka na cikin waɗanda za a harbe. Muka fita da jirgina cikin hadari, muka ratsa tsakanin jiragen yaƙinsu, ruwa na shiga muna kwarfewa da huluna. Matarka Doña Casilda tana da tsohon ciki, ba ta iya shiga ba. Uwata ma ta ƙi. Ta ce teku ba gidan mutum ba ne, kuma ba za ta bar yarinyar nan ta haihu a hannun baƙi ba. Abin da ya biyo baya a tsibirin Jamaika, inda muka fake, muka ji shi, guntu-guntu, a bakin masu gudowa. An tilasta wa Casilda sharar dandali da jaririyarku Eulalia a goye, domin a ga ƙarshen matar ɗan tawaye. Yayanta kuwa ya kunna kyandirori a tagoginsa, ya shirya wa kwamandan Sifaniyawa liyafa har da rawa. Aka ƙwace gonarka. Aka yanke hukunci cewa sa hannun ɗan tawaye ba sa hannu ba ne, saboda haka waɗanda ka 'yanta dukiyar sarki ce. Aka tattaro su, mutanen da suka shekara huɗu suna kwana a ɗakunansu, aka yi gwanjonsu a gaban cocin nan dai. Don Toribio ya sayi mafi yawansu, har da uwata. Ya ce tausayi ne, kada su faɗa hannun bare.

A garin Kinston na Jamaika na ga abin da ban taɓa zaton zan gani ba: ɗan gidan Berrio yana naɗe taba a bayan shagon wani ɗan kasuwa. Ba ka iya ba ko kaɗan. Tabarka ko dai ta ƙi kamawa, ko ta ci wuta gaba ɗaya har gashin baki, mai shagon yana zaginka da yarensu kana yi masa godiya da namu. Abin da ka samu ba ya kwana a aljihunka. Ɗakinka ya zama masaukin duk wanda teku ta tofo, matan da aka harbe mazajensu, tsofaffin sojoji masu gyambo. Da yamma ka tara 'ya'yansu a ƙarƙashin wata bishiyar mangwaro kana koya musu karatu da gawayi a kan allon jirgi. Da wani tsohon maharbi namu ya mutu babu abin rufa shi, kwat ɗinka ɗaya tilo ka cire aka naɗe shi a ciki, ka yi sauran damina da 'yar shara. Na yi maka faɗa, ka ce in bar ka, ai mamacin ya fi ka jin sanyi.

Muka dawo da yaƙi. A wani mashigin kogi harsashin igwa ya tafi da hannunka na dama, muka ƙone dungulmin da ƙarfe mai zafi kana cizon ɗamarata. A 1821 muka shiga Santa Brigida ana kaɗa ƙararrawa. Mutumin farko da ya rungume ka a bakin jirgi, yana hawaye, da ƙyallen tutar jamhuriya a ƙirjinsa wanda ya fi na kowa faɗi, Don Toribio ne. Kafin shekara ta zagayo yana zaune a majalisar gari. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ka ɗauka maganar mutanenka ba za ta wuce zama ɗaya ba. Sifaniyawa ne suka soke 'yancinsu, Sifaniyawa kuwa sun tafi. Ka shigar da ƙara. Aka ɗaga. Ka koyi rubutu da hagu don kada ka dogara da magatakardan da ake saye, ka sake shigarwa. Aka ce takardu sun ɓace lokacin yaƙi. Aka ce ka yi haƙuri, ƙasa jaririya ce, kada a girgiza ta. Aka nuna maka sabuwar dokar da ta ce 'ya'yan da bayi za su haifa nan gaba 'yantattu ne, su ma sai sun yi wa ubangijin uwarsu bauta har su girma. An 'yanta ciki, an bar mai cikin. Uwata kuwa ta wuce haihuwa, bayanta ya ranƙwafa, tana nan tana hura wuta a madafar surukinka. Ni da na yi wa ƙasar nan yaƙi da gizago da bindiga, sai ta ƙofar baya nake shiga in gaishe ta.

A shekara ta biyar majalisa ta yanke hukunci: gwanjon ya halatta, wanda ya saya ya saya, domin tsare dukiya shi ne ginshiƙin jamhuriya. Ina tsaye a bayan zauren, inda irinmu ke tsayawa. Ka miƙe, hannun rigarka na dama a maƙale da allura, ka dube su ɗaya-ɗaya, mutanen da kuka yi rantsuwar tawaye tare. Ka ce, "Sifaniyawa sun ce sa hannun ɗan tawaye ba shi da daraja. Yau ku ma kun ce haka. To ku faɗa mini, don Allah, wa ya ci yaƙin nan?" Shugaban zaman ya kaɗa 'yar ƙararrawarsa ya ce a shiga batu na gaba, wanda shi ne gyaran rufin kasuwa.

Ranar kasuwa da hantsi ka shiga gidan Don Toribio ta babbar ƙofa, ka ratsa tsakar gida har madafa. Wata kuyanga da ke wurin ce ta ba ni labarin yadda kuka yi. Ka ce, "Inna, ajiye ludayin nan, mu tafi gida." Ta ce miyar ba ta nuna ba. Ka ce, "Bar ta ta ƙone." Ka kama hannunta da hannunka guda, kuka fito. Daga nan kuwa gari duka shaida ne, domin ba ka bi lungu ba. Ta tsakiyar kasuwa ka bi da ita, tana takawa a hankali kana jiranta, masu kifi da masu ayaba suna buɗe muku hanya. Don Toribio ya leƙo daga bene da tawul a wuya ya ce, "Leandro, wannan sata ce, da rana tsaka." Ka ɗaga kai ka ce, "Uwata ce, suruki. Je ka kai ƙara, na ji kotunku na aiki yanzu." Ka kawo ta har ƙofata, ka zaunar da ita a kan kujerar da na sassaƙa mata tun kafin yaƙi, ka nemi ruwa ka sha.

A wannan karon takardu ba su ɓace ba. Shari'ar da ta ƙi motsi shekara biyar ta yi gudu cikin mako guda. Ba da sata kaɗai suka tuhume ka ba, sun ce kana zuga baƙaƙe su yanka farare, kana son mayar da ƙasar nan Haiti, inda bayi suka tashi suka kawar da iyayengijinsu. Suka ba ka zaɓi: ka mayar da tsohuwar, ka nemi gafara a gaban majalisa, ko ka bar ƙasa. Abokanka na dā suka riƙa zuwa ɗaya-ɗaya suna lallashinka, kalma biyu ce kawai, ka faɗa a wuce wurin. Ka ba su gahawa ka raka su ƙofa. Casilda ba ta je ta roƙi yayanta ba. Ta ɗaure kayanta da na 'yarta, ta riga ka shiga jirgi. Ni na tuƙa ku, karo na biyu ke nan da na fitar da kai daga garin haihuwarka. Na farko abokan gaba muke gudu. Na biyu ban san sunan da zan ba su ba.

Ba su zo ɗaukar uwata ba, domin mazajen Bakin Ruwa sun zauna a ƙofata da gizagonsu a cinya har ƙurar ta lafa. Ta yi shekara uku a ɗakina tana barci har rana ta fito, abin da ba ta taɓa yi ba tun tana yarinya. Da ciwon ajali ya kama ta kai take kira. Ka rubuto wa majalisa kana roƙon a bar ka ka zo, ko da rakiyar soja, ka gan ta ka koma. Amsa ta fito bayan ciyawa ta rufe kabarinta, cewa ana duba lamarin. A takardar gari ta mutu tana dukiyar Don Toribio, kuma ya aiko da kyandir.

Kurasawo ba wurinka ba ne. Mutumin da ya tashi a inuwar koko da ƙarar kogi aka jefa shi kan dutse da ƙaya da awaki. Ka zauna a bakin tasha da ɗan teburi kana rubuta wa matuƙa wasiƙu da hagu, Casilda na ɗinki har idonta ya raunana, Eulalia ta girma tana magana da harshen tsibirin fiye da namu. Ba zan ce ba ka da aibi ba. Kana da zafin rai, kana da taurin kai irin na alfadari, kuma ba ka taɓa tambayar matan nan biyu ko sun yarda su biya kuɗin gaskiyarka ba. Sun biya, ba su yi ƙorafi a gabana ba. Amma girman kanka bai taɓa sauka a kan na ƙasa da kai ba, kullum sama yake kallo.

Zuwana na ƙarshe bayan Kirsimeti ne. Na kai maka cukun bakin kogi da curin masara a naɗe cikin ganye. Na tarar tari ya cinye ka, rigarka na rataye a kafaɗa kamar a ƙusa. Ka ci a hankali, ido a rufe. Ba ka tambaye ni gonarka ba, ba ka tambayi wa ke mulki ba. Mutanen ƙofar coci ka riƙa tambaya, da sunayensu, yadda ka kira su ran nan. Ina Cipriano? Ina Tomasa da 'ya'yanta mata? Ni kuma ina faɗa maka wanda ya mutu, da wanda aka sayar can saman kogi wurin haƙar zinariya, da wanda ke nan yana saran rake. Sai ka ce, "Nazario, tambayar da ka yi mini a kan gungumen nan, ka samu amsarta. Mun kori mai bulala, muka gaji bulalar." Na ce kai dai ba ka gada ba. Ka ce wannan ba zai cire wa Cipriano sarƙa ba.

Yanzu ga abin da ake yi da sunanka, gara ka ji daga bakina. Ranar da labari ya bazu Bakin Ruwa ta rufe, ba jirgin da ya fita. Mata suka sa baƙaƙen kaya suka nufi coci, limamin cocin ya ƙi taɓa igiyar ƙararrawa sai ya aika a tambayo izini. Da 'yan majalisa suka leƙo suka ga yawan jama'ar da ta cika dandali, nan take suka tuna kai gwarzo ne. An ayyana makoki. An sauke tuta. Don Toribio, wanda shi ne shugaban majalisa yanzu, shi zai yi jawabi, an ce ma ya fara gwada kukan a gida. Sun aika wa Casilda suna neman a tono ƙasusuwanka a kawo da faretin soja. Ta ce wa ɗan aiken ya koma ya gaya wa yayanta, ƙasar da ba ta da wurinka a tsaye ba ta da wurinka a kwance.

Za su kuma sa sunanka a titin da ya tashi daga tashar jirgi zuwa dandali, har an fara shimfiɗa masa duwatsu. Jiya na bi ta wurin. Masu jera duwatsun bayin Don Toribio ne, ya ba gari hayarsu. Cikinsu na ga Cipriano a durƙushe, kansa fari fat. Ya ɗago ya tambaye ni ko gaskiya ne abin da ake faɗa. Na ce gaskiya ne. Ya cire hularsa ya riƙe a ƙirji. Mai tsaronsu ya daka masa tsawa, ya mayar da ita ya ɗauki wani dutsen.

Ya Allah, ga bawanka Leandro ya zo maka da hannu ɗaya, ka san inda ya bar ɗayan. Ka gafarta masa zafin ransa da taurin kansa, ka dubi yunwar da ya kashe da tsiraicin da ya rufe. Ka ba shi masaukin da ba mai korarsa daga ciki. Ka haɗa shi da ɗansa Anselmo, da tsohuwar da ta shayar da mu, ka sa ƙasar baƙi ta yi masa sauƙi.

Ina miƙa gaisuwata ga Doña Casilda, wadda ta rufe masa ido, Allah ya ba ta haƙuri gwargwadon abin da ta ɗauka, ya saka mata da abin da mutane suka kasa. Ina gaishe da Eulalia, ki sani kina da kawu a Bakin Ruwa muddin ina numfashi, ƙofata da jirgina naki ne. Ina gaishe da Cipriano da Tomasa da sauran waɗanda aka kira sunayensu a ƙofar coci, na kusa da waɗanda aka kai saman kogi, domin ku ne marayun gaske, mutum ɗaya da ke ambatonku a gaban masu mulki ya tafi. Allah ya kwance ku da hannunsa.

Majalisar gari kuwa ba ni da gaisuwar da zan yi mata. Ba ta yi rashi ba.